Sabo ta Ibadan: Ana Sayar da Guzurin Ganin Kufan Daulolin Ƙetare, Ga Katunga a Bayan Gida

IBADAN: Duk wanda ya ƙudura niyyar fita ƙasar waje daga birnin Ibadan, ɗan kasuwa ne mai zuwa sarin kaya, ko maniyyaci, ko ɗalibi, ko kuwa mai hali da ke son kai iyalinsa hutu, da wuya shirinsa ya kammala bai ratsa ta unguwar Sabo ba. A wannan unguwa ta Hausawa da ke daura da Mokola ne 'yan canji suka yi kaka-gida, kuma a hannunsu matafiyi yakan cike giɓin Dala ko Riyal ko Yuro da bankinsa bai ba shi ba. Wani kaso na wannan guzuri yana ƙarewa ne a ƙofar tsofaffin fadoji da gidajen tarihi na Santambul da Alƙahira da Beijing, da kuma gidajen abincin da ke kewaye da su. Abin da ya kamata masu tsara tattalin arzikin Jihar Oyo da shugabannin Sabo su tsaya su duba shi ne, kuɗi na fita ta wannan ƙofa domin ganin abin da daulolin wasu suka bari, alhali kufan ɗaya daga cikin manyan daulolin Afirka ta Yamma yana cikin jihar, kuma abin da yake jawowa bai taka kara ya karya ba.

Ba laifi ba ne mutum ya je ya gani. Hasali ma yawancin Hausawan da ke ziyartar waɗannan wurare ba domin su suka yi tafiyar ba. Ɗan kasuwan da ya je Turkiyya sarin tufafi da takalma yakan samu kwana ɗaya ko biyu kafin a gama ɗaure masa kaya, sai ya leƙa fadar Topkapi, wadda Sarki Muhammadu na Biyu ya fara ginawa bayan ya ci birnin a 1453, ko Aya Sofiya da aka kammala tun shekarar 537, aka kuma mayar da ita masallaci a 2020. Wanda ya kai majinyaci Masar, ko ya je duba ɗansa a Azhar, da wuya ya dawo bai tsaya gaban dalolin Giza ba. Alhazai ma, bayan Uhudu da Ƙuba, wasunsu kan wuce ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Madina, inda layin dogo na Hijaz da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta shimfiɗa ya iso a 1908.

Waɗannan ƙasashe sun daɗe da gane cewa tsohon gini haja ce. Masar ta karɓi baƙi miliyan 14.9 a 2023. A wannan shekarar kuma abin da Turkiyya ta samu daga masu yawon buɗe ido ya haura Dala biliyan 50, wato miliyan dubu hamsin. Daga watan Janairu na 2024, baƙon da ya je Aya Sofiya domin kallo, ba domin salla ba, sai ya biya Yuro 25. A Beijing kuwa, cinkoso ne ya sa hukumar tsohuwar fadar sarakunan Sin, wadda aka gama ginawa a 1420, ta ƙayyade a 2015 cewa kada masu shiga su wuce mutum 80,000 a rana. Kuɗin ƙofa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Mai masauki da direba da ɗan jagora da mai tuya a bakin titi su ne ke cin moriyar baƙon.

Unguwar da aka gina a kan saukar baƙo

Idan ana maganar saukar baƙo, babu unguwar da ta fi Sabo tarihi a Ibadan. An kafa ta a 1916, lokacin da hukuma ta keɓe wa Hausawan da ke zaune cikin tsohon gari wuri nasu, ƙarƙashin Sarkin Hausawa. A lokacin, jirgin ƙasa ya riga ya iso Ibadan daga Ikko tun 1901, ya kuma kai Kano bayan kimanin shekara goma, saboda haka hanyar shanu zuwa Kurmi da ta goro zuwa Arewa ta buɗe sosai.

Masanin halayyar jama'a Abner Cohen, wanda ya zauna ya yi nazarin unguwar a 1962 da 1963, ya tarar da cewa mazaunanta sun ɗan haura mutum 4,000, amma a hannunsu ake sayar da shanu kimanin 75,000 kowace shekara a kasuwar Ibadan. Kusan duk cinikin bashi ne, babu takarda, babu banki, kuma a kowane lokaci akwai bashin da ya kai Fam 100,000 a wuyan mahauta Yarabawa. Ginshiƙin wannan tsari shi ne maigida. Falke ya taso daga Arewa da garkensa, bai san kowa ba, bai jin harshen gari. Maigida ne zai sauke shi a ɗaki, ya ciyar da shi daga tukunyar gidansa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni a wurin mai saye, ya ajiye masa kuɗinsa har ranar komawa, ya kuma yi masa guzuri da tsaraba. Ba a kiran wannan da sunan yawon buɗe ido, amma duk abin da kamfanin shirya tafiye-tafiye na zamani yake sayarwa yana ciki: makwanci, abinci, tafinta, jagora, amana.

Kasuwar shanu ta daɗe da barin kusa da Sabo, ta koma Bodija, daga baya kuma Akinyele a arewacin birnin. Gwari da albasa sun fi sauka a Shasha. Abin da ya maye gurbi a cikin unguwar shi ne canjin kuɗi, musamman bayan da gwamnatin soja ta buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba na 1986, aka kuma fara ba wuraren canji lasisi a 1989. Sana'ar ta dace da Sabo domin ita ma a kan amana da sanayya take tafiya.

To amma wannan sana'a ta shiga tsaka mai wuya. A watan Yuli na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa 'yan canji Dala. A watan Yuni na 2023 aka sakar wa Naira mara, farashin hukuma ya tashi daga wajen Naira 460 a kan Dala ɗaya, har ya haura 1,500 a farkon 2024. A watan Maris na 2024 bankin ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a zama ɗaya, sa'an nan a watan Mayu ya fitar da sabuwar ƙa'ida: jarin Naira biliyan 2 ga kamfanin da ke son yin aiki a faɗin ƙasa, Naira miliyan 500 ga wanda zai tsaya a jiha ɗaya. Mai ƙaramin shago ba ya da wannan kuɗi. Ko dai ya haɗa jari da wasu, ko ya zama ɗan aiken babba, ko ya ci gaba da cinikin a ɓoye yana fargabar kame. Matasan da ke tare motoci a bakin titi domin kai wa iyayen gidansu ciniki su ne za su fara jin jiki. Unguwar na bukatar wata ƙafa da za ta tsaya a kai, kuma faɗuwar darajar Naira, wadda ta sa hutu a ƙetare ya gagari mai matsakaicin hali, ita ce ta sa hutu a cikin gida ya zama abin tattaunawa.

Katunga

Kimanin kilomita 130 arewa da garin Oyo na yanzu, a cikin dajin da ke kan iyakar jihohin Oyo da Kwara, nan kufan Oyo-Ile yake, babban birnin tsohuwar Daular Oyo. Hausawa sun san birnin tun yana raye, su ne ma suka raɗa masa sunan da Turawan farko suka rubuta, wato Katunga, wanda ake dangantawa da kalmar katanga. Kyaftin Hugh Clapperton ya isa can a watan Janairu na 1826, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma ƙiyasta cewa kewayen ganuwar ya kai mil 15, da ƙofofi 10. Richard Lander da ƙanensa sun bi ta can a 1830. Bayan wasu 'yan shekaru, a tsakiyar shekarun 1830, yaƙi da Ilori ya watsa birnin, jama'arsa suka yi kudu, Alafin Atiba ya kafa sabuwar fada a inda garin Oyo yake a yau.

Wannan daula ce da a ƙarni na 18 ta karɓi haraji daga Dahomey, ta kuma riƙe hanyar ciniki har bakin teku. Ƙarfinta a kan doki yake, doki kuwa ba ya daɗewa a Kurmi saboda ƙudan tsando, don haka daga Arewa ake kawo shi, ta ƙasar Nufe da Bargu. Masu kula da dawakin, da wanzamai, da masu tufka igiya, da makiyayan fada, da yawansu 'yan Arewa ne, akasari bayi. Gudun da da yawa daga cikinsu suka yi zuwa Ilori daga 1817, suka shiga rundunar Afonja da jama'ar Malam Alimi, yana cikin abubuwan da suka girgiza daular. Ba tarihi ne mai daɗin ji ga kowane ɓangare ba, amma tarihin Bahaushe ne kamar yadda yake na Bayarabe, kuma ɗalibin da ya karanta jihadin ƙarni na 19 a Kano ko Sakkwato bai ga ƙarshen labarin ba sai ya tsaya a kan wannan ganuwa.

Abin da ya rage a can ya isa kallo: sassan ganuwa da gwalalo, wurin fada da dandalin kasuwa, tsohuwar matattarar ruwa, ramukan niƙa a kan duwatsu, kogon Agbaku, da Bara inda ake binne sarakuna. A 1991 aka haɗe dazuzzukan yankin aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tsohuwar Oyo, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512. A 1995 Nijeriya ta sa Oyo-Ile a jerin wuraren da take fatan Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Dutsen Sukur da ke Adamawa ya samu shiga a 1999, kurmin Osun da ke Oshogbo ya samu a 2005, tsohon birnin Agadas a Nijar ya samu a 2013. Katunga na nan a jerin jira.

Ibadan kanta magajiyar wannan daula ce ta fuskar ƙarfin soja. Sansanin mayaƙa ce da aka kafa wajen 1829, ta tare rundunar Ilori a Oshogbo wajen 1840, ta mallaki yawancin ƙasar Yarabawa, har yaƙin shekara 16 da aka fara a 1877 ya ƙare da shigowar Turawa a 1893. Daga Sabo, tafiyar 'yan mintoci ce a mota zuwa tudun Mapo, inda babban zauren da injiniya Taffy Jones ya tsara, aka gina tsakanin 1925 da 1929, yake kallon tsohuwar kasuwar Oja'ba da tekun rufin kwano mai tsatsa. A nan aka naɗa tsohon gwamna Rashidi Ladoja Olubadan na 44 a watan Satumba na 2025. A kan tudun Oke Are akwai hasumiyar tunawa da Kyaftin Bower, Razdan na farko, mai tsawon ƙafa 60, da aka buɗe a 1936. Mutanen gari na kiranta Layipo saboda matakalarta mai murɗewa, kuma daga samanta ana ganin birnin gabas da yamma. A Dugbe ga Gidan Koko mai hawa 26 da aka kammala a 1965 da kuɗin manoman koko, a Aleshinloye kuma ga Gidan Tarihin Haɗin Kan Ƙasa. Bahaushe nawa ne ya kwana a Sabo shekara da shekaru, ya hau hasumiyar Galata a Santambul, bai taɓa hawa Layipo ba?

Lalo a Alƙahira, lalo a Oja'ba

Batun abinci ya fi ban sha'awa, domin a nan ne matafiyi ya fi sakin kuɗi, a nan ne kuma ya fi ɗari-ɗari. Bahaushen da ya je Masar yakan dawo yana ba da labarin wata koriyar miya mai yauƙi da Misirawa ke kira mulukiyya, suna ci da shinkafa da kaza ko zomo. Ganyen nan lalo ne, kuma shi ne dai Yarabawa ke kira ewedu, suna kaɗa shi da ɗan tsintsiya. Ɗa'amiyyar da ake soyawa da safe a titunan Alƙahira 'yar'uwar ƙosai ce, sai dai da wani irin wake ake yinta. Kebab na Turkawa kuwa, duk mai tukuba a Sabo zai gane shi da gani, ko da yake zai ce an manta ƙuli-ƙuli. A Guangzhou 'yan kasuwarmu kan nemi shagunan taliya na Musulmin Sin domin tabbacin yanka, su ci da tsinke ko su roƙi cokali.

Abincin da Ibadan ta yi suna a kansa shi ne amala da haɗin miya da ake kira abula. Amala tuwo ne na garin busasshiyar doya, wanda Yarabawa ke kira elubo, kalmar da Hausa ta ara ta ce alabo. A kansa ake zuba gbegiri, wato miyar wake da aka cire wa ɓawo aka dafa har ya narke, sai ewedu, sai jar miya ta tattasai da manja, da naman akuya ko kayan ciki ko ganda. Idan aka bi kayan wannan kwano ɗaya bayan ɗaya, za a tarar da yawansu sun sauko ne daga bayan tirela: waken daga Arewa, albasar da tattasai da tumatir ta Shasha da Bodija, akuyar da saniyar ta Akinyele. Ɗanɗanon miyar kuma daga iru yake, wanda ba wani abu ba ne illa daddawar kalwa. Ma'ana, duk baƙon da ya zauna ya ci abula a Ibadan ya yi ciniki da manomin Kano ko Kebbi da falken Sabo bai sani ba. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu na 2021, da yajin kai abinci Kudu da 'yan kasuwar Arewa suka yi bayansa, sun nuna wa kowane ɓangare wannan alaƙa ta hanya mai ɗaci: tumatir ya yi tsada a Ibadan da Ikko, ya ruɓe a hannun manomi a Arewa.

Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba. Hausa ta karɓi agushi da alale da teba, Yarabanci ya karɓi alubosa da tuwo, har goron da ake nomawa a Shagamu da kewaye suna kiransa gbanja, sunan Gwanja da fatake suka zo da shi. Da magariba kuwa, Sabo ce ke ciyar da gari. Tsire da balangu da kilishi da gasasshiyar kaza, waina da miyar taushe, fura da nono, shayi da burodi, su ne ke jawo ma'aikata da ɗaliban jami'a da matafiya daga kowace unguwa. Wannan shi ne yawon buɗe idon da ya riga ya kankama ba tare da wata hukuma ta tsara shi ba, kuma shi ne ya fi sauƙin ginawa a kai.

Abin da ya rage

Hanya ta samu. Tun watan Yuni na 2021 sabon jirgin ƙasa yake ɗauko fasinja daga Ikko zuwa tashar Moniya, tafiyar kilomita 157 cikin ƙasa da awa uku, kuma mazauna Ikko masu neman inda za su kwana biyu a ƙarshen mako kasuwa ce babba. Akwai kuma dubban 'yan Arewa da ke shigowa Ibadan kowane mako da kaya, su jira kwana biyu ko uku kafin a biya su, kamar dai yadda 'yan'uwansu ke jira a Santambul.

Sai dai a faɗi gaskiya, mai iyali ba zai kwana a inda magudanar ruwa ta toshe ba, kuma Sabo unguwa ce mai cinkoso da tsofaffin gidaje, waɗanda aka gina domin falke mai tabarma, ba domin baƙo mai mata da 'ya'ya ba. Masaukai masu tsabta da rajista, rumfunan nama masu ruwan famfo da dubagari, fitilun titi da wurin ajiye mota, su ne matakin farko. Mataki na biyu shi ne 'yan jagora. Yaran Sabo sun tashi da Hausa da Yarabanci, da yawansu da Turanci da Larabci, abin da ƙasashen da aka ambata ke kashe kuɗi kafin su samu. Horon 'yan watanni a kan tarihin gari, tare da Jami'ar Ibadan wadda masananta suka yi haƙa a Oyo-Ile tun shekarun 1970, zai mayar da wannan baiwa sana'a.

Katunga ta fi wuya. Tana da nisa, ana shigarta ta wajen Igbeti da Igboho, hanyoyin cikin daji kan gagara da damina, kuma babu wanda zai kai iyalinsa daji a wannan zamani sai ya tabbatar da tsaro. Gandun na Gwamnatin Tarayya ne, hanyoyin da ke kai wa gare shi na jiha da ƙananan hukumomi ne, kayan tarihin kuma akwai hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a kansu. A sama ma ba a zauna wuri ɗaya ba: an fitar da manufar yawon buɗe ido ta ƙasa a 1990, an kafa hukumar raya shi da Doka ta 81 a 1992, an ƙirƙiro masa ma'aikata ta kansa a watan Agusta na 2023, sa'an nan aka haɗe ta da ta al'adu a watan Oktoba na 2024. Kafin UNESCO ta duba kowane wuri, sai ƙasa ta miƙa mata cikakken kundi mai ɗauke da taswirar iyaka, da tsarin kulawa, da sunan hukumar da za ta ɗauki nauyi, kuma a ƙa'idar da ake bi yanzu, wuri ɗaya tak ake duba wa kowace ƙasa a shekara. Ganuwar Kano, wadda ta shiga jerin jiran a 2007, ita ma tana kan wannan layi.